Malam Nababa da Littafin Masu Surutu

"Ku ba ni ajin da ya fi kowanne baki a duk faɗin Abuja, ku ba ni mako guda. In kuka wuce ta bakin tagarsa, sai kun rantse hutu aka bayar."

Malam Nababa ke nan, wata ranar Litinin da safe, a ofishin malamai na wata sakandare mai zaman kanta a Kurudu. Yana tsaye, hannu ɗaya a aljihun kwat, ɗayan riƙe da satifiket da aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. In ba ka san Nababa ba, aboki, bari in gabatar maka da shi. Gajere ne, mai ɗan tumbi, mai sa kwat da lakataya a watan Maris, lokacin da ƙadangare ma inuwa yake nema. Abin da ya same shi kuwa shi ne, an tura shi bita ta kwana uku a wani otal a Garki kan yadda ake sarrafa aji. Ranar farko cunkoson Nyanya ya riƙe shi, ya isa ana tashi. Ranar ƙarshe hoto aka ɗauka aka raba satifiket. Wato iliminsa duka na yini ɗaya ne, a cire lokacin shayi da na abincin rana. Tun daga ranar malamai suka raɗa masa suna Farfesa Kwana Uku, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Duk wannan cika bakin da dalili. Kujerar mataimakin shugaba ba kowa a kanta, kuma Hajiya Batulu, mai makarantar kuma shugabarta, ta ce ƙarshen zango za ta naɗa wani. Mutum biyu ake magana a kansu: Nababa da Malama Ikilima, malamar Turanci mai kula da ƙungiyar muhawara. Nababa ya riga ya gaya wa matarsa da surukansa cewa magana ta ƙare. Har ya sa wani kafinta a Karu ya sassaƙa masa allon tebur mai ɗauke da sunansa da sabon muƙamin, yana yawo da shi a jaka, naɗe cikin jarida.

Malama Ikilima ta ɗago daga littattafan da take dubawa ta ce, "Malam, yaro mai baki ba toshe shi ake yi ba. Wuri ake ba shi ya juye maganar. Ka ga Musaddiq na aji uku B? Ran Laraba yake zuwa muhawara ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ran Alhamis sai ka same shi lafiya lau."

"Tsohon yayi," in ji Nababa. "Ƙungiyoyin nan na Laraba su suke lalata mana yara. Yaro ya je ƙwallo ya dawo da wari. Ya je wasan kwaikwayo ya koyo kwaikwayon tafiyar malamai. Ya je muhawara ya koyo musu. Sannan a ce ni in shiga in koyar da shi."

Mista Godfrey, malamin wasanni, wanda Hausarsa ta kasuwar Karu ce, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Oga Nababa, wannan yara fa, idan bai gudu a fili ba, a kan kanka zai gudu."

"Kai ka je bita?"

"Ban je ba."

"To."

Hajiya Batulu ta ji labarin cika bakin, ta ba shi abin da ya roƙa: aji uku B, mai yara arba'in da shida, wanda malamai ke kira Tashar Nyanya saboda ba a taɓa jin kowa a cikinsa sai kowa gaba ɗaya.

Ranar Talata Nababa ya shiga da dabara ta farko. Ya ce, "Idan na tafa sau ɗaya, ku tafa sau biyu, ku yi shiru. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba." Ya tafa. Suka tafa sau biyu. Wani daga baya ya ƙara na uku. Wani ya amsa masa da bugun tebur. Kafin minti biyu kiɗa ya kankama, Musaddiq na ba da waƙa ana amshi, har matar da ke sayar da biskit a bakin ƙofar makaranta aka gani tana gyaɗa kai. Nababa ya fito ya ce wa malamai yaran sun karɓi tsarin da hannu biyu.

Ranar Alhamis ya zo da dabara ta biyu. Malami ba ya magana, ɗaga hannu kawai yake yi sama, ya tsaya har aji ya lura ya yi shiru da kansa. Ya ɗaga. Minti biyar, ba wanda ya lura. Minti goma sha biyar, gumi ya zana taswira a hammatar kwat. Ana cikin minti na ashirin da biyar Musaddiq ya waiwayo, ya dube shi da tausayi, ya ce, "Malam, an ba ka izini. Kana iya fita, mu ba ma hana kowa."

Daga nan ilimin Garki ya ƙare, domin dabara ta uku an koyar da ita ne lokacin da Nababa ya fita neman ƙarin naman kaza. Sai ya koma kan abin da kakanninmu na firamare suka sani: monita ya rubuta sunayen masu surutu. Amma ya sayo sabon littafi mai baƙar fata, ya rubuta a bangonsa da manyan baƙaƙe, TSARIN NABABA. Dokar ita ce, duk wanda sunansa ya shiga sau uku a mako, ba shi ba ƙungiya ranar Laraba. Kuma kowace Litinin a asambule za a karanta sunayen a gaban kowa.

Monitar ajin Kauthar ce, siririyar yarinya mai tabarau wadda ba a cika ganin haƙoranta ba. Ita ce ta taɓa rubuta sunan kanta saboda ta yi atishawa ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Da Nababa ya miƙa mata littafin sai ta tambaya, "Malam, kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"Ko a wajen aji?"

"Duk inda aka ce a yi shiru."

"Ko babba ne?"

Daidai lokacin Hajiya Batulu ta zo wucewa ta baranda. Nababa ya hango ta, ya ɗaga murya don ta ji irin adalcinsa. "Ko ni ne, ki rubuta ni. Doka ba ta san kwat ba."

Kauthar ta ce to, ta cire murfin biro.

In za a faɗi gaskiya, abin ya ɗan yi aiki, domin yaran suna son ƙungiyoyinsu fiye da yadda suke son abincin rana. Kwana biyu Tashar Nyanya ta lafa. Nababa ya garzaya ofishin Hajiya ya ce a baza tsarin a duk makaranta, kowane monita ya riƙa kawo wa Kauthar sunaye ta zuba a babban littafi. Hajiya, wadda ta shekara tana shan maganin ciwon kai saboda aji uku B, ta amince.

Laraba ta zagayo, aka ƙirga waɗanda aka hana ƙungiya: saba'in da huɗu. Hajiya ta dubi takardar ta dubi Nababa ta ce, "To, a ina za su zauna?"

Bai yi tunanin wannan ba.

"Tsarinka ne," in ji ta, "kai za ka tsare su."

Ka ga abin da mutumin nan ya yi wa kansa. Da can masu bakin makarantar a warwatse suke, uku a nan, biyar a can. Yanzu ya tace su tsaf, ya tara su a ɗaki guda, ya shiga ya rufe ƙofa. A fili Mista Godfrey na tsaye da usur da yara biyar, ba ko gola. Malama Ikilima na zaune da kujeru ashirin babu kowa a kansu. A ɗakin shiru kuwa, haka Nababa ya sa masa suna, abin da ya tashi sai da mai injin niƙa na tsallaken titi ya aiko a ce don Allah a rage, ba ya jin ƙarar injinsa. Nababa ya fito ƙarfe biyu, lakataya a kafaɗa, murya ta dishe, ya ce wa malamai a bita an gaya musu wannan shi ne mataki na farko.

Ana cikin mataki na farkon nan, mako na uku, sai takarda ta zo: gasar muhawara ta makarantu masu zaman kansu, a wani ɗakin taro a Garki, nan da mako biyu, ranar Asabar da safe. Bara Malama Ikilima ta zo ta biyu, kuma bana ta ci alwashin kofin. Ta sami Nababa a gaban Hajiya ta ce ya sakar mata Musaddiq da sauran 'yan muhawararta.

Nababa ya buɗe littafi. "Musaddiq, sau talatin da ɗaya. Wannan za ki kai Garki ya wakilce mu?"

"Malam, gasar magana ce."

"Gasar tarbiyya ce, Malama. Alƙalai da sun ga yaro natsattse sun san daga gidan da ya fito. Hajiya, ki ba ni gasar nan. Ni zan zaɓi yara, ni zan horar da su. In ban ajiye kofi a teburin nan ba, ki kira ni da duk sunan da kika ga dama."

Hajiya ta dubi satifiket ɗin da ya riga ya jingina a kan teburinta ba tare da an tambaye shi ba. Ta ce, "Na ba ka. Ka kawo kofi, kujerar taka ce. Amma ka sani, duk masu makarantu 'yan'uwana za su je, ni ma zan je."

Ran Malama Ikilima ya ɓaci, domin shekara biyu tana gina yaran nan, amma ta tattara takardunta ta fita.

Yadda Nababa ya zaɓi wakilai kuwa, ai da sauƙi. Ya buɗe littafin ya nemo waɗanda sunansu bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya. A duk makarantar mutum uku ya samu. Akwai Fu'ad, wanda in ana kiran suna yatsa yake ɗagawa, har wasu malamai ba su san ko muryarsa ta fashe ba. Akwai Bilqis, wadda in ta yi magana hijabinta kaɗai ke ji. Sai Hafizu, wanda sunansa bai shiga littafi ba saboda daga darasin farko yake kifa kai a tebur sai ƙararrawar tashi.

"Ga zinariya," in ji Nababa.

Batun muhawarar shi ne malami ya fi likita amfani ga al'umma, kuma makarantarsu ce ke goyon bayan malami. Nababa ya zauna ya rubuta wa kowane yaro jawabi shafi shida, da irin Turancin da sai an buɗe ƙamus. Mako biyu yana horar da su kullum bayan tashi. Yadda horon yake shi ne, ya tsaya a gabansu ya karanta jawabin Fu'ad da kansa, da ɗaga hannu da buga ƙafa, sannan na Bilqis, sannan na Hafizu. In ya gama ya ce, "Kun gane?" Biyu su gyaɗa kai, na ukun kansa dama a ƙasa yake. Mako biyu cur bai ji muryar ko ɗayansu ba, kuma bai lura ba, domin bai taɓa yin shirun da zai lura ba.

Ranar Asabar ya sa Kauthar ta biyo su da littafin, don ya nuna wa sauran masu makarantu asirin nasararsa. A mota daga Kurudu har Garki ba wanda ya ce uffan, direba har ya riƙa leƙa madubi ya tabbatar bai bar yaran a baya ba. Nababa ya ce wa Hajiya, "Kin ji? Tarbiyya ke nan." Malama Ikilima na kujerar baya tana kallon taga.

Ɗakin taron ya cika, na'urar sanyaya ɗaki na aiki kamar ba gobe. Shugaban alƙalai, wani dattijo mai furfura, ya ce da zarar ɗalibi ya hau mumbari kowa ya yi shiru, kuma duk malamin da ya sa baki za a cire wa makarantarsa maki. Kauthar ta ji an ce a yi shiru, ta buɗe sabon shafi ta rubuta kwanan wata.

Abokan karawarsu daga wata makaranta suke a Dutse Alhaji. Mai jagorantarsu wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce da sai da aka sauke mata makirufo har ƙasa. Ta buɗe baki, minti biyar ba ta haɗiyi yawu ba. Ta kawo haihuwa, ta kawo tiyata, ta kawo cizon maciji. Ta zauna ana tafi.

Aka kira Fu'ad. Ya hau, ya dubi jama'a, ya dubi takardarsa, ya dubi Kauthar da littafinta a buɗe. Ya tsuke baki.

"Fara," in ji Nababa daga layi na biyu, da abin da shi yake ɗauka raɗa ce. "Shugaban taro, alƙalai masu adalci. Fara mana."

Dattijo ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Nababa ya yi murmushi ya gyara lakataya. Bayan daƙiƙa goma ya sake: "Fu'ad. Shafi na ɗaya. Kai, Fu'ad." Aka kaɗa ƙararrawa bayan minti biyar cikakku, Fu'ad ya rusuna da ladabi ya sauko. Da ya zo wucewa Nababa ya cafke hannunsa ya ce, "Me ya hana ka magana?" A nan ne makarantar ta fara jin muryar Fu'ad, kuma ashe ta fashe. Ya ce, "Malam, an ce a yi shiru, kuma Kauthar na riƙe da littafi."

Bilqis ta fi shi ƙoƙari, domin ita leɓɓanta sun motsa. Alƙalai suka sa aka canza batirin makirufo. Aka sake canzawa. Mai kayan sauti ya hau ya hura, ɗaki ya amsa, ya ce kayansa lafiya lau suke. Duk wannan lokaci Nababa na daga ƙasa yana "ɗaga murya", "buɗe baki", "ba haka na koya miki ba", dattijo kuma na ta rubutu a takardarsa.

Saura Hafizu. Aka kira sunansa sau uku. Ka san yaron da ke iya barci a zafin Kurudu ba fanka, yau ga shi a kujera mai laushi cikin sanyi. Makirufon teburinsu a kunne yake, kuma minsharinsa shi ne sauti na farko daga ɓangaren wakilan Nababa da ya kai bayan ɗaki.

Nan Farfesa Kwana Uku ya fita hayyacinsa. Ya miƙe tsaye a tsakiyar 'yan kallo, ya zaro kwafin jawabin daga aljihu, ya fara zuba shi da kansa, da ɗaga hannu da buga ƙafa, yadda ya saba. Dattijo na kaɗa ƙararrawa, Hajiya na jan gefen kwat ɗinsa, shi kuwa yana shafi na uku. Sai da masu gadi biyu suka zo suka zaunar da shi.

Aka ba 'yar Dutse Alhaji minti biyu ta kammala. Ta hau, ta jawo makirufo ta ce, "Alƙalai masu girma, ba ni da abin ƙarawa. Ga malami can kun gani. Roƙona kawai, in akwai likita a ɗakin nan, ya taimaka ya duba shi."

Da aka karanta sakamako, makarantar Hajiya Batulu ta kafa tarihi. Ita ce ta farko da ta zo gasar ta koma da maki ƙasa da sifili.

A hanyar dawowa Nababa ya ɗora laifin a kan makirufo, sannan a kan sanyin ɗaki, sannan a kan dattijon alƙali wanda ya ce daga gani ɗansa likita ne.

Litinin da safe aka taru a asambule. Nababa ya kwana biyu yana lissafin yadda zai ceto kujerarsa, ya yanke shawara cewa kofi daban, tarbiyya daban. Allon kafinta na nan a jakarsa. Da aka gama addu'a da taken ƙasa, ya fito gaba da kansa ya daka tsawa kowa ya yi shiru, ya ce, "Gasa ta wuce. Amma doka tana nan, kuma ba ta san kowa ba. Kauthar, karanto mana marasa kunyar makon jiya."

Kauthar ta fito, ta gyara tabarau. Ta karanta na Litinin zuwa Juma'a, Musaddiq a kan gaba kamar kullum. Nababa na gyaɗa kai. Sai ta buɗe wani shafin.

"Asabar, Garki. Mutum ɗaya. Malam Nababa, sau goma sha bakwai."

Mista Godfrey ya cusa usur a baki don ya danne dariya, usur ɗin ya yi ƙara. Hajiya Batulu ta karɓi littafin, ta duba shafin layi-layi, ta rufe. Ta ce daga yau an yafe wa duk ɗalibai, kowa ya koma ƙungiyarsa, kuma Malama Ikilima ce mataimakiyar shugaba. Yara suka ɓarke da tafi. Ta ɗaga hannu, suka yi tsit nan take, ita da ba ta je bita ba.

"Amma ɗakin shiru yana nan wannan Larabar," in ji ta, "domin akwai mutum ɗaya da sunansa ya wuce sau uku, kuma ni da kunnena na ji shi yana cewa doka ba ta san kwat ba."

Nababa ya dubi Hajiya, ya dubi yara ɗari uku da suka zuba masa ido ba mai motsi. Shirun da ya yi alkawari tun farkon zango, ga shi yau ya samu. Ya share gumi ya ce, "Hajiya, ai wannan dokar ta yara ce, ni abin da nake nufi a lokacin..."

Kauthar ta karɓi littafinta, ta cire murfin biro.

"Goma sha takwas," in ji ta.